Baƙar Waya

Ranar Alhamis da yamma wata mata ta kira ni daga asibiti. Ta ce sunanta Philippa Dodd, ita ke duba gidajen marasa lafiya kafin a sallame su. Ta ce Baba ya ji sauƙi, likita ya yarda ya koma gida ranar Asabar, amma da sharaɗi. Gobe Juma'a ƙarfe uku za ta zo gidansa da ke garin Consett. In ta tarar hitocin bango masu ɗumama ɗakuna sun yi ɗumi, famfo na zubo ruwan zafi, za ta sa hannu. In ba haka ba, akwai gado a gidan kula da tsofaffi, sai ya zauna can na ɗan lokaci.

Na ɗan lokaci! Haka suka ce mana a kan Mama. Sati shida aka ce, ta yi wata goma sha huɗu, kuma daga can muka ɗauko gawarta.

Na ce, "Wane irin ɗumi kuma? Gidan Norman Teasdale ne fa. Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana aikin lantarki."

Ta ce, "Maƙwabciyarsa ce ta gaya wa masu motar asibiti cewa na'urar ɗumama gidan ba ta aiki. Yana rubuce a takardarsa."

Kunya ta rufe ni. Kwana goma sha ɗaya ke nan da maƙwabciyar, Anti Doreen, ta same shi da safe a kujerar falo, sanye da kwat biyu, yana rawar ɗari, nimoniya ta kama shi. Ni na ɗauka taurin kansa ne kawai, don Baba mutum ne da in ka ce masa kana jin sanyi sai ya ce ka ƙara riga. Kullum ina asibiti, amma ko sau ɗaya ban taka gidan ba. Ni Lorna, da na shekara ashirin da biyu ina gyara na'urorin ɗumama gidajen mutane, ubana ya kusa mutuwa da sanyi a nasa gidan ban sani ba.

Da na je wurinsa a ranar sai ya kama wuyan hannuna ya matse. Testarsa mai jan kai, 'yar sukundireban nan ta gwada wuta, tana maƙale a aljihun rigar barcinsa, don ko nas-nas ɗin sun gaji sun bar masa ita. Ya ce, "Lorna, kada ki bari su kai ni inda suka kai uwarki."

Na ce, "Ba mai kai ka ko'ina, Baba. Asabar kana kujerarka."

Ƙarfe tara na safiyar Juma'a na faka motar aikina a ƙofar gidan. Dusar ƙanƙarar jiya ta daskare a kan matakala, sai da na dafa bango. Ciki kuwa ya fi waje sanyi, numfashina ma ganinsa nake yi. Kofin shayinsa na nan a kan tebur, ya yi baƙi.

Aikin nan ba wani abin tsoro ba ne ga wanda ya san shi. Agogon saiti ya ce lokaci ya yi, ma'aunin zafi na falo ya ce akwai sanyi, sai wuta ta tafi bawul mai buɗe wa ruwa hanya, bawul ya buɗe ya tayar da boila mai dafa ruwan da injin tura ruwa. Kowa na jiran umarnin na gabansa. Bawul biyu ne, ɗaya na tankin ruwan zafi, ɗaya na hitoci. Wayoyinsu duka kuma a akwati guda suke haɗuwa, cikin kabad ɗin tanki a saman bene. Na ce wa kaina awa ɗaya ta ishe ni, har in samu in share gidan.

Agogon saiti a mace yake. Na leƙa ƙarƙashin matakala inda babban allon wuta yake, na ga makunni ɗaya ya faɗi. Na ɗaga shi, ya tsaya. Agogo ya kawo haske. Na danna ruwan zafi, na ji bawul ya yi ɗan gurnaninsa a sama, boila ta kama a kicin. Madalla. Sai na danna hitoci, na je falo na murɗa ma'aunin zafi.

Tas! Komai ya mutu.

Na tsaya riƙe da ƙugu. Wuta ta haɗu a wani wuri, wannan ba sai an faɗa ba. Abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Akwai ɗan ƙaramin fiyus mai lamba uku a makunnin boila, aikinsa ke nan ya ƙone kafin babban allo ya san abin da ake ciki. Me ya hana shi ƙonewa? Na zaro shi da bakin sukundireba. Ga shi nan an naɗe shi tsaf da farar takardar ƙarfe, irin wadda ake naɗe biskit mai cakulan.

Nan take raina ya ɓaci. Wanda ya yi wannan so yake ya ƙona gida da mai gidan. Ba wanda ya zo mini a rai sai yayana Keith, wanda ke zaune can kudu, ya zo ya yi kwana biyu a makon jiya ya koma. Na kira shi.

"Kai ne ka naɗe fiyus da takardar biskit?"

"Ina kwana, Lorna. Lafiya lau, na gode da tambaya."

"Bar ni da ina kwana. Kai ne?"

"Ni? Ke da bakinki kike cewa ko ƙwan fitila ban iya canzawa ba. Ban ma san inda fiyus ɗin yake ba. A otal na kwana, gidan nan kamar firji yake."

"Ka ga gidan kamar firji, ka ja bakinka ka yi shiru?"

"Na ɗauka kin sani mana! Ba ke ce injiniyar gidan ba?" Sai ya sassauta murya, irin muryar nan tasa da nake ƙi. "Ki saurare ni. Wurin da matar nan ta faɗa ba irin na Mama ba ne, na duba shi. Baba shekararsa tamanin da ɗaya. Ranar Lahadi sau biyu ya tambaye ni ko na ga Mama a hanya."

"Zazzaɓi ne."

"Zazzaɓin ya sauka tun Juma'a."

"Kai dai so kake ka ajiye shi wani wuri ka huta, ka riƙa aiko da kati ranar Kirsimeti."

"Ke kuma so kike ki ci gardama, ko da a kan gawarsa ne."

Na katse wayar. Na jefa fiyus ɗin cikin aljihun wandon aikina, na hau sama.

A kabad ɗin tanki na ga kan bawul ɗin hitoci sabo ne fil, yana sheƙi a cikin tsofaffin bututu. Kwalinsa na gefe, an saka tsohon a ciki, an rubuta da fensir a jikin kwalin: mota ta ƙone. Rubutun Baba ne. Na gwada tsohon da mita, gaskiyarsa, 'yar motar, wato ɗan injin da ke buɗe bawul ɗin, ta mutu murus. Ashe ya gano ciwon da kansa, ya je ya sayo, ya sa. Na ji wani daɗi a raina, har na ce a fili, "Ka ji, Keith? Wai mai tambayar Mama."

Na buɗe akwatin wayoyi na duba. Kai, aikin Baba! Kowace waya an lanƙwasa ta daidai, ba tagulla ko ɗaya a waje, jajaye a wurinsu, baƙaƙe sun taru a ramin komawar wuta kamar yadda suke tun ina 'yar firamare. Na kalle shi na minti ɗaya, na mayar da murfin. A gidan wani da sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da mita. Amma aikin Baba ba a bin bayansa, haka na tashi na sani.

Don haka na tafi neman laifi a wani wurin. Na cire sabon kan bawul na gwada, lafiyarsa ƙalau. Na gwada injin tura ruwa, lafiya. Na sauko na kwance ma'aunin zafi daga bangon falo, sai warin ƙuna ya bugi hancina. Bakin makunninsa ya yi baƙi ƙirin, ya narke. Na ce yauwa, ga ɓarawon. Ba ni da irinsa a mota, sai na tafi shagon kayan aiki a bakin gari, na tarar da layi, wani mutum a gaba yana ta ba mai shago labarin karensa. Sha biyu saura na dawo. Na ɗaura sabon, na sa fiyus mai lamba uku na gaskiya, na ɗaga makunni, na murɗa.

Fiyus ya ƙone nan take.

Na sa wani, kamar wata sabuwar shiga, wai ko na farko ne mara kyau. Shi ma ya tafi. Na ɗauki filaya na yi jifa da ita, ta bugi ƙofar kicin ta ɓare fenti. Ashe ƙunar ma'aunin ba ita ce ciwon ba, tabon ciwon ce. Na ɓata awa biyu da rabi a banza, sha biyu da rabi ta wuce, gida na nan kamar kabari.

A lokacin ne Anti Doreen ta turo ƙofa, da filas ɗin shayi da burodi da cuku a faranti. Ba 'yar'uwarmu ba ce, amma tun muna yara Anti muke ce mata. Ta kalli filayar a ƙasa, ta kalle ni.

"Zuciyar ubanki sak. Zauna ki ci, 'yar nan, kin yi fari fat."

"Anti, ba ni da lokacin ci."

"To sha a tsaye." Ta zuba mini. Sannan ta buɗe kabad ɗin kofuna, ta ciro wani ɗan faranti daga baya ta ajiye a gabana. Fiyus-fiyus ne ƙonannu. Na ƙirga, goma sha bakwai. "Ni na ɓoye su ranar da aka tafi da shi. Ban san dalili ba, kawai na ji ba na so masu motar su gani."

"Wa ya zo ya taɓa masa wuta, Anti?"

"Wa zai zo? Norman zai bar wani ya taɓa masa wuta? Kwana uku yana hawa yana sauka. Na shigo ranar Talata na same shi tsaye gaban kabad ɗin can, da testa a hannu, ya ƙura wa akwatin ido. Na ce, Norman, ka kira Lorna mana. Sai ya daka mini tsawa, wai shi ya koya miki riƙe sukundireba. Daga baya ya biyo ni har ƙofa ya ce, Doreen, don Allah kada ki gaya mata. Komai daidai yake, na duba sau ɗari, komai daidai yake." Ta goge ido da bayan hannu. "Da na sani da na kira ki. Biskit ɗin ma ni na kawo masa."

Ina 'yar shekara goma sha shida Baba ya taɓa kama wani abokin aikinsa ya sa ƙusa a madadin fiyus. A gaban mai gida ya kwashe wa mutumin kaya ya watsa a titi, bai ƙara yi masa magana ba har mutumin ya mutu. Wannan Baban ne ya zauna a kicin ɗin nan ya naɗe fiyus da takardar biskit, kuma ya naɗe shi da kyau.

Na ajiye kofin na hau sama. Na kashe wuta gaba ɗaya, na buɗe akwatin, na yi abin da ya kamata in yi tun ƙarfe goma. Na bi wayoyin da mita, ɗaya bayan ɗaya, kamar aikin baƙo. Ban yi minti biyar ba mita ta yi ƙara inda bai kamata ba. A cikin baƙaƙen nan da suka taru a ramin komawar wuta, akwai ɗaya da ba 'yar gidan ba ce. Ta fi sauran sheƙi. Na bi ta da yatsa har inda ta fito, sai ga ta cikin sabuwar igiyar da ta taho daga ma'aunin zafi na falo.

A zamanin Baba, ja ce ke kawo wuta, baƙa ke mayar da ita. Haka ya yi aiki fiye da shekara talatin. Sai aka zo aka canza launuka a ƙasar nan: ruwan ƙasa ta zama mai kawowa, shuɗiya mai mayarwa, baƙa kuma a sabuwar igiya mai waya uku, ruwan ƙasa da baƙa da ruwan toka, ta koma cikin masu ɗauke da wuta. Baba ya yi ta masifa a lokacin, ya ce sai an kashe wani. Amma ya koya, kuma shi ya zaunar da ni a teburin kicin ya sa na haddace. Ya ce, "Duk baƙar da ke ɗauke da wuta, ki sa mata riga ruwan ƙasa a baki. Ba don ke ba, don wanda zai zo bayanki." Da ya zare wayoyi zai sa sabon bawul, ya zo mayarwa, sai hannunsa ya koma shekarun da. Ya ga baƙa, ya kai ta wurin baƙaƙe, ya kai ruwan tokar inda baƙar take. Duk lokacin da ma'auni ya nemi ɗumi, wuta sai ta tafi kai tsaye ta haɗu. Ya duba sau ɗari, kuma a idonsa komai daidai ne.

Baƙar nan ba ta da riga ruwan ƙasa. Ni na ja igiyar shekara biyar da suka wuce, lokacin da na dawo masa da ma'aunin daga zaure zuwa falo don ƙafafun Mama. Ranar ina sauri, akwai wani aiki na jirana, tef ɗin da ake yin rigar da shi yana cikin mota, ana ruwa. Na tuna sarai abin da na ce a raina: ai gidan Baba ne, ya sani.

Na zauna a ƙasa cikin tawul-tawul ɗin Mama da har yanzu suke jere a kabad ɗin, na yi kuka mai isata. Ba na ɓoyewa, na yi. Haushin kaina nake ji, da haushinsa da bai kira ni ba, da haushin Keith da ya fi ni gaskiya. Anti Doreen ta kira daga ƙasa, "Kin samu?" Na ce na samu.

Gyaran bai kai minti uku ba. Na mayar da kowace waya raminta, na sa wa baƙar rigarta, na sa wa ruwan tokar shuɗiyar riga. Sabon fiyus, na ɗaga makunni, na murɗa ma'auni. Bawul ya yi gurnani, boila ta kama. Ƙarfe biyu saura kwata. Na bi hitocin ɗaya bayan ɗaya ina sakin iska, ina dafa su kamar mai duba zazzaɓin yaro. Na falo ya fara ɗumi daga sama, bututu na ƙas-ƙas a cikin bango. Anti ta wanke kofin nan, ta ja labule. Na kwashe fiyus-fiyus ɗin faranti na kai mota.

Sannan na yi wani abu da ban yi shawara da kowa ba. Na cire sukurorin murfin akwatin, na sa waɗansu masu kai na musamman, irin waɗanda ake sawa a makarantu don kada yara su buɗe. Haka na yi wa makunnin boila. Na shiga ƙarƙashin matakala na ɗauko jakar kayan aikinsa ta fata, wadda ta girme ni, na sa a bayan mota na rufa mata bargo.

Philippa Dodd ta iso uku da minti biyar. Doguwa ce, mai fara'a, ta cire takalmi a ƙofa ba tare da an ce mata ba. Ta ajiye ɗan ma'auninta a kan teburin falo, ta hau sama ta buɗe famfon wanka ta tara hannu, ta girgiza ƙarfen dafawa na matakala, ta ce a ɗauke ƙaramin kafet ɗin zaure. Ta dawo ta duba ma'auninta.

"Digiri sha tara, kuma yana hawa. Kin yi ƙoƙari. Me ya lalace ne?"

"Motar bawul ce ta ƙone. Suna yin haka in sun tsufa."

"Kamar mu," in ji ta, ta yi dariya, ta rubuta. Sai ta ɗago. "Tambaya ta ƙarshe, kowa ina yi masa. Ke kin fi mu saninsa. Akwai wani abu da kika gani, a gidan nan ko a tare da shi, da zai sa ki ji tsoron barinsa shi kaɗai? Mantuwa, ko barin tukunya a wuta, irin wannan?"

Hannuna na cikin aljihu, fiyus ɗin nan mai takardar biskit yana tsakanin yatsuna. Anti Doreen na tsaye a ƙofar kicin da tsumma, ta sunkuyar da kai. Na san in na zaro shi na ajiye a kan teburin, matar nan za ta gane, don ba wawiya ba ce. Na kuma san inda Baba zai kwana ranar Asabar.

Na ce, "Babu. Taurin kai ne kawai."

Ta sa hannu. Ta ba ni katinta ta ce in wani abu ya canza in kira ta, ba laifi ba ne, mutane da yawa suna kira. Na ajiye shi a kan firji. Da ta tafi Anti Doreen ta ninke tsummanta, ta ce, "Allah ya sa mun yi daidai, 'yar nan."

Asabar da hantsi na ɗauko shi. A mota yana ta yi mini faɗa wai ina taka birki kamar mai jin haushin motar. Ya ƙi in riƙe shi a matakala. Yana shiga ya tsaya a zaure, ya ɗora tafin hannunsa a kan hita, ya daɗe a haka.

"Me kika samu?"

"Motar bawul, Baba. Ai ka riga ka canza ta. Ni ƙarasawa kawai na yi."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ni za ki yi wa wannan?"

Ya kama ƙarfen dafawa ya fara hawa, mataki ɗaya ya huta, mataki ɗaya ya huta. Na bi shi a baya. Ya buɗe kabad ɗin tanki, ya zaro testarsa daga aljihu zai kwance murfin, bakinta ya ƙi shiga kan sukurun. Ya sake gwadawa. Ya matso da fuskarsa ya duba da kyau. Ya san irinsu, shi ya ɗaura su a makarantar da na yi.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi jin sauƙi. Ya tsaya yana numfashi, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Baƙar ce, ko?"

"Ban sa mata riga ba, Baba. Laifina ne. Kai ka gaya mini, ni ban yi ba."

"Ko da riga ko babu, ya kamata in sani." Ya juya testar a hannunsa. "A asibiti ta faɗo mini. Ina kwance sai na gan ta ƙiri-ƙiri. Kwana uku ina kallonta a nan, Lorna. Kamar an ba ni jarida da yaren da ban iya ba." Ya juyo ya kalle ni. "Matar nan ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini testar, ta wajen kan, yadda ya koya mini a miƙa wa mutum kayan aiki. "Riƙe. Jakar ma na san kin ɗauka, ki bar ta wurinki. Filayar ciki ta fi taki."

Na karɓa na sa a aljihu. Muka sauko a hankali. Na zaunar da shi a kujerarsa, na rufa masa bargo a gwiwa, na kunna masa rediyo. Na shiga kicin na ɗora ruwa, ina jin wani sauƙi-sauƙi a ƙirjina. Na ce a raina, ai ga shi nan, ya gane, da hankalinsa. Keith bai san abin da yake faɗa ba.

Na fito da shayi kofi biyu da biskit ɗin Anti a faranti. Na same shi a tsaye tsakiyar falo, bargon ya faɗi ƙasa. Yana lalube aljihun rigarsa, ya koma na wando, ya dawo na riga.

"Lorna, kin ga testata? Waɗancan nas-nas ɗin, na san sai sun ɗauke." Ya dubi ma'aunin da ke bango ya ɓata fuska. "Wa ya sa wannan? Ba namu ba ne. Bari in hau in duba akwatin kafin uwarki ta dawo, kin san ba ta son sanyi."

Na ajiye kofunan don kada su zube. Na ce masa ya zauna ya sha tukuna, za mu neme ta tare. Ya zauna, yana ta mita. Na koma kicin wai zan ɗauko sukari. Katin Philippa Dodd na nan a kan firji inda na bar shi, testar na tokare ni a cinya. Na ɗauki katin na karanta lambar, na mayar, na sake ɗauka. Daga falo ya ɗaga murya ya ce gidan ya yi ɗumi, in gaya wa wanda ya gyara ya iya aiki.